ƊAKIN KIƊA: Kada ka sayar da keken ka don jita, buɗe cikin ta tukuna

A watan jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar makirfo, to amma a yi mani afuwa. Wata wasiƙa ce ta shigo daga Damagaram ta sha gaban wancan zancen, domin mai ita ya na gab da jefa kuɗin sa a rijiya, kuma idan na ce ya jira wata mai zuwa, aikin gama ya gama.

Mai wasiƙar saurayi ne makaɗin jita. Ya na bin gidajen biki da wata 'yar ƙungiya tasu, sai ga wani darakta ya yi masa tayin ya zo ya saka jita a waƙoƙi biyu na fim ɗin da ya ke shiryawa. Jitar tasa 'yar Chana ce mai siffar Stratocaster, a gwanjo ya saye ta. Ƙorafin sa uku ne. Da ya jona ta da amfilifaya sai ta kama ƙugi. Idan ya murɗa boliyom sai ka ji "kwarr-kwarr" kamar ana jan kwano a kan siminti. Idan kuma ya ɗan rage ƙara sai muryar ta dishe kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Wani abokin sa ya ce masa fikof ɗin ne su ka mutu, ya yi odar sababbi guda uku daga waje, waɗanda kuɗin su ya fi abin da ya sayi jitar kan ta. Har ya fara cigiyar mai sayen keken sa.

Ƙanena, riƙe keken ka. Biyu daga cikin cututtukan nan babu ruwan fikof da su ko kaɗan, na ukun ma da wuya a ce sabon fikof irin wanda ke jiki ya warkar da shi. Zan yi bayani.

Na san wani zai ce, shin me ya kawo jita cikin mujallar fim? Ai kiɗan mu na fiyano ne. Gaskiya ne, tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ta zama ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce kalangu a situdiyoyin Kano, kuma idan ana son jita sai a danna lambar ta a jikin fiyanon. Amma da ka tsallaka iyaka labari ya sha bamban. A Agadas da Yamai jita ce sarauniyar biki. Shi kan sa Mdou Moctar, wanda yanzu ya ke cika dandali a Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙin sa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan mu. A 2015 kuma ya fito a matsayin jarumi a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas cikin harshen Abzinawa, aka gina labarin sa a kan Purple Rain na Prince na 1984. Duk daraktan da ya saurari irin wannan kiɗa, kunnen sa ba zai ƙara yarda da jitar fiyano ba. Ni ma ta nan na shiga wannan rigima.

Wata shekara da hunturu, wani darakta ya ɗauko wani yaro makaɗi tun daga Nijar ya kawo shi situdiyon da na ke aiki a lokacin. Yaron gwani ne, yatsun sa kamar ba ƙashi. Amma da aka jona jitar sa da mikisa, ƙugin da ke fita ya kusa danne kiɗan. Mu ka canza kebul, mu ka kashe fanka, mu ka zare cajar wayar kowa, duk a banza. Furodusa na tsaye ya na kallon agogo, janareta na shan mai, mawaƙiya ta gaji ta zauna. Can sai furodusan ya ce, "Don Allah a ba yaron nan kuɗin mota, a buga abin nan da fiyano mu wuce wurin." Na dubi fuskar yaron, wallahi sai da tausayin sa ya kama ni, don tun a mota ya gama lissafin abin da zai yi da kuɗin aikin. Na ce, "Alhaji, a ba ni awa ɗaya."

Abin da na fara yi shi ne abin da na ke so mai wasiƙar mu ya fara yi, kuma ko sisi ba ya ci. Ka jona jitar, ka buɗe ƙara, ka saurari ƙugin, sannan ka ɗora tafin hannu a kan tsarkiyoyin. Idan ƙugin ya ragu, wayar ƙasa ta jitar lafiyar ta lau, wato wadda masu wayarin ke kira "at". Idan bai canza ba sam, wayar ta tsinke. Idan kuwa ƙaruwa ya yi, to wani ya juya wayoyi biyun da ke jikin soket ɗin da ake soka kebul, ya sa ta sauti a gurbin ta ƙasa. Ta yaron nan ko gezau ƙugin bai yi ba. Mu ka kwance marfin bayan jitar inda sifirin su ke, sai ga baƙar wayar da ya kamata ta kasance liƙe da ƙarfen da ke riƙe sifirin ta na reto. Wannan 'yar wayar ita ke haɗa jakin jitar, wato ƙarfen da tsarkiyoyi ke hawa a kai, da sauran wayoyin ƙasa.

Da mu ka ɗaga farantin gaba kuma sai mu ka tarar da wata ɓarnar. Wani mai gyara a can baya ya cire boliyom ɗin asali ya saka na tsohuwar rediyo, mai lamba 50K. Shi ya sa muryar jitar ta ke a shaƙe tun kafin a zo ga maganar ƙugi. Yaron ya ce shekara biyu ke nan ya na zaton haka Allah ya yi ta.

To bari mu tsaya a nan in faɗi yadda abin ya ke aiki, don wanda ya gane wannan ba mai cutar sa a kasuwa. Fikof, ba a-kori-kura na ke nufi ba, shi ne kunnen jita. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin gashin kai, zagaye wajen 8,000 a irin na Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a saman sa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki mitsitsiya, ita ce amfilifaya ke kumbura wa ta zama sauti. Ba wani abu mai motsi a cikin sa, shi ya sa ya kan yi shekaru hamsin ya na aiki. Abin da ke kashe shi shi ne tsinkewar wayar, kuma mita za ta gaya maka cikin minti ɗaya. Ka soka kebul a jitar, ka ƙure boliyom, ka sa mita a kan 20K, ka ɗora tsinken ta ɗaya a kan bakin filogin, ɗayan a jikin sa. Fikof mai kwayil ɗaya zai nuna tsakanin 5K da 7K. A matsayi na biyu da na huɗu na suwic, inda fikof biyu ke aiki tare, za ka ga kusan rabin haka. Idan duk ukun sun ba da lamba, da ran su, kuma abokin ka ya yi kuskure.

Shi ƙugi kuwa halin fikof mai kwayil ɗaya ne tun fil azal. Yadda ya ke jin tsirkiya haka ya ke jin wutar gida, wadda a Nijeriya da Nijar ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma sau 60. Don maganin wannan ne wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro fikof mai tagwayen kwayil, wanda ake kira hambaka. Ya nemi rajistar sa a 1955, aka fara saka shi a jitar Les Paul a 1957. Kwayil ɗin biyu kishiyoyin juna ne, ƙugin da ɗaya ya kwaso sai ɗayan ya soke shi. Ka ga ke nan idan ka sayo sababbin masu kwayil ɗaya, komai tsadar su, da ɗan ƙugin su za su zo. Abin yi shi ne a rage shi. A gyara wayar ƙasa, a shimfiɗe ramin jitar da bayan farantin da tef na jan ƙarfe, in babu a manna takardar alminiyon ta kicin. Sai dai fa dole shimfiɗar ta haɗu da wayar ƙasa, in ba haka ba ado kawai ka yi. Alminiyon ba ya kama dalma, da noti ake ɗaure masa waya. Sannan a lokacin ɗauka makaɗi ya nisanci sitabilaiza, inbata da ƙwan fitila mai tsimin wuta, ya riƙa juyawa a kan kujera a hankali har ya sami fuskar da ƙugin ya fi kwanciya. Da yawa daga cikin irin waɗannan jitoci ma an naɗe fikof na tsakiya a juye, don haka matsayi na biyu da na huɗu su kan fi shiru.

Yanzu ga inda na fi so a buɗe kunne, wato zaɓen boliyom. A wurin masu gyaran rediyo duk abin da ake murɗawa boliyom ne, ko na ƙara ne ko na tace murya, kuma a ido duk kamar su ɗaya. Amma abu uku ne su ka raba su.

Na farko lambar da ke bayan sa. Ko ka ƙure boliyom, akwai wani ɓangare na sautin da ke zurarewa ta cikin sa zuwa ƙasa, kuma kaifin muryar ne ya fi tafiya. Idan lambar ƙarama ce, ƙofar zurarewar babba ce. Fikof mai kwayil ɗaya da ma kaifi gare shi, shi ya sa Fender ke haɗa shi da 250K don a ɗan tausasa shi. Hambaka muryar sa mai kauri ce, sai aka ba shi 500K don kada ya dishe. Ka juya su ka ga aiki: 500K a kan mai kwayil ɗaya zai iya soke maka kunne, 250K a kan hambaka kuma sai ka ji kamar mai mura. Ba haramun ba ne, akwai masu yin haka da gangan, amma ka san abin da ka ke nema. Ka tuna 50K ɗin da aka saka wa yaron can, ka ga irin zaluncin da aka yi wa jitar. Fikof masu amfani da batir, irin na kamfanin EMG, su ne ke tafiya da 25K, kuma nasu tsarin daban ne. Wani abin kuma, lambar da aka buga ba alƙawari ba ce. Masu araha su kan kauce da kashi 20 cikin ɗari, sai ka ga an rubuta 250K amma mita ta nuna 200K. Ka tafi kasuwa da mitar ka, ka auna ƙafa biyu na gefe, ka zaɓa kamar mai zaɓen kankana.

Na biyu harafin da ke gaban lambar. A kan kayan da ke zuwa mana daga Asiya za ka ga A250K ko B250K. Mai B ya na raba aikin sa daidai wa daida tun daga farko har ƙarshe, amma kunnen ɗan'adam ba haka ya ke ji ba. Shi ya sa da mai B sai ka yi ta ragewa daga 10 ba ka ji wani canji sosai ba, sai can ƙasa sautin ya faɗi gaba ɗaya. Mai A an yi shi ne daidai da yadda kunne ke ji. Ni dai A na ke sakawa a duka ukun, kodayake na san makaɗan da su ka fi son B a na ƙara, kuma ba na jayayya da hannun mutum. Idan harafin ya goge, ka murɗa zuwa tsakiya ka auna ƙafar tsakiya da ta gefe. Mai B zai ba ka rabi, wajen 125K. Mai A zai ba ka kaɗan a gefe ɗaya, mai yawa a ɗayan. Bahagwai irin su Mdou Moctar kuma, idan an yi wa jitar su wayarin a juye, akwai nasu na musamman mai harafin C.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mutane haushi bayan sun dawo gida: girman wuya. Ramin da ke farantin jitocin Asiya wajen milimita 8 ne, shi kuwa boliyom ɗin Amurka irin na CTS ya na son kusan milimita 9 da rabi, sai an ƙara faɗaɗa ramin. Haƙoran kan sandar ma sun bambanta, na Asiya 18, na Amurka 24, don haka hular roba ta wannan ba ta shiga wancan. Idan ka danna ta da ƙarfin tsiya, sai ka ɓalla cikin sabon boliyom tun kafin ya yi waƙa ɗaya. Maganin wannan duka shi ne ka cire tsohon ka sa a aljihu ka tafi da shi, ko Sabon Gari ta Kano za ka, ko babbar kasuwar garin ku.

Kafin ma ka saya, gwada wankewa. Wannan "kwarr-kwarr" ɗin yawanci ƙurar hunturu ce da gumi su ka taru a kan layin gawayin da ke ciki. Ka fesa ruwan wanke kayan lantarki ta 'yar kafar da ke kusa da ƙafafun, ka murɗa sau ashirin ko talatin. Sau da yawa shi ke nan. Kada ka zuba man keke ko baƙin mai. Idan ƙarar ta dawo bayan kwana biyu, layin ya cinye, a canza.

Kafasita ba ta buƙatar dogon turanci. Ita ce ke jikin boliyom na tace murya, ta na zubar da kaifi idan ka murɗa baya. Ga mai kwayil ɗaya nemi mai lamba 473, ga hambaka 223. Za ka ga ana tallar wasu a intanet da tsadar gaske wai na zamanin da ne, su na da "ɗumi". Ni dai kunne na bai taɓa rabe su da 'yar koriyar nan da ke cikin gwangwanin kowane mai gyaran rediyo ba, in dai lambar ɗaya ce. Ita kuma dishewar da ka ke ji idan ka rage ƙara, ba lalacewa ba ce, haka tsarin ya ke, kuma doguwar kebul na ƙara ta. Maganin ta ƙaramar kafasita mai lamba 102 da resisto 150K, a murɗe ƙafafun su tare, a liƙa tsakanin ƙafar da sauti ke shiga boliyom na ƙara da ƙafar tsakiya. Kuɗin su bai kai na kwanon shinkafa ba.

Suwic fa? Lokacin da Stratocaster ta fito a 1954 matsayi uku gare ta, makaɗa ne su ka riƙa maƙale sandar a tsakani don su haɗa fikof biyu, sai a 1977 Fender ta mayar da mai biyar ya zama na dindindin. Idan naka ba ya yanke sauti, ƙyale shi. In za ka canza, ka sani na jitocin Asiya ƙafafun sa takwas a jere su ke, na Fender kuwa huɗu-huɗu ne gefe da gefe, kuma ya fi tsawo, wani sa'in ba ya shiga ramin siririyar jita. Zanen wayarin na wannan ba ya aiki a kan wancan kai-tsaye. Tunda an buɗe, ga wata 'yar dabara: a tsarin asali fikof na kusa da jaki, wanda ya fi kowa tsiwa, ba shi da abin tace murya. Guntuwar waya ɗaya a kan suwic za ta haɗa shi da na tsakiya, injiniyan situdiyo zai sa maka albarka.

Idan wata rana ka samu hali ka sayi hambaka, kada ka yarda da launin waya. A na Seymour Duncan baƙa ce mai ɗauke da sauti, a haɗe ja da fara a naɗe su. A na DiMarzio ja ce mai sautin, baƙa da fara ake haɗewa. Ka bi takardar da ta zo a kwalin. In ka juya, ranar da ka haɗa shi da wani fikof za ka ji sautin ya zama siriri kamar daga cikin gwangwani.

Wajen liƙi, ɗauki hoton komai da wayar hannu kafin ka zare ko da waya ɗaya. Ƙarfen narka dalma mai wat 40 ya isa, da dalmar gyaran rediyo, ban da ruwan asid na masu gyaran radiyeta, don ya na cin waya. Ka kankare bayan boliyom ya yi haske kafin ka ɗora dalma, kuma kada ka daɗe a kai, zafi na ƙona cikin sa. Ka rufe jikin jitar da tsumma. In hannun ka na rawa, kai wa mai gyaran rediyo, amma ka zauna a gefen sa da kayan da ka zaɓa da kan ka. Mu ma a ranar haka mu ka yi, wani dattijo a bakin titi ya gama mana cikin minti arba'in.

Saura ƙarshen labarin yaron, wanda shi ne ya fi tsaya mani a rai. An gyara jita, ƙugi ya kwanta, furodusa ya saki fuska. Da yamma yaron ya jona ta da wata tsohuwar amfilifaya ya na gwaji, hannu a kan tsarkiya, ya matso da baki zai yi magana a makirfo, sai mu ka ji ya yi ƙara ya yi baya. Wuta ce ta fizge shi a leɓe. Da mu ka duba, an karya ƙafa ta uku ta filogin amfilifayar don ya shiga soket, janaretan ma ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba. Wayar nan da mu ka gyara ta na haɗa jikin makaɗi da jikin amfilifaya ne, saboda haka duk wutar da ta ɓalle a can ta cikin sa za ta bi. Wannan ba wasa ba ne. A 1972 Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirfo da wuta ta hau, a 1976 kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidan sa ya na kaɗa jita. Kada a cire wayar jaki don gudun wannan, a gyara ƙasan amfilifaya da na janareta. A ɗora testa a kan tsarkiya da kan makirfo kafin a fara, a jona kayan sauti duka a layi ɗaya, kuma ban da kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima. Cikin jita ba abin da zai kama ka in ka zare kebul, amma cikin amfilifaya ka bar wa masu shi, don ta na riƙe wuta ko an kashe ta.

Yaron dai ya buga waƙoƙin sa washegari, leɓe a kumbure, aka biya shi cif.

Saboda haka mutumin Damagaram, abin da za ka nema shi ne A250K guda uku masu wuya daidai da naka, kafasita 473 ɗaya, 102 ɗaya da resisto 150K, sabon soket idan naka ya saki, da tef na jan ƙarfe. Ka fara da gwajin tafin hannu da na mita, ka rubuto mani lambobin da ka gani a matsayi biyar ɗin. Idan ɗaya daga ciki ya ƙi nuna komai, shi kaɗai za mu nema wa magaji.

Maganar makirfo sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.